Tambayi Bakanike: Motar da ke mutuwa idan rana ta take

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Motata ƙirar 2006 ce, da ita nake zuwa aiki daga Samaru zuwa Tudun Wada a Zariya. Wata biyu ke nan ta tsiro da wani hali. Da safe lafiya lau, amma in na taso da rana, ina kaiwa wajen Kwangila sai ta mutu mus ina cikin tafiya. In na jira kamar minti 15 sai ta tashi kamar ba ita ba. An canza fulogi, an canza batir, yanzu kuma an ce in kawo kuɗin kwamfutar motar. In saya?
Malamar makaranta, Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Riƙe kuɗinki tukuna. Kwamfutar mota, wadda yaran gareji ke kira birenbos, takan lalace, amma ni a garejina na Sabon Gari ita ce ta ƙarshe da nake zargi. Batir kuwa da ma ba ruwansa: tun da yana iya juya injin bayan ta mutu, da sauran ƙarfinsa.

Matsalar irin wannan mota, ba ta yarda ta yi ciwo a gaban likita. Kina kawo ta gareji ta huce, a murɗa makulli ta tashi, sai kowa ya shiga canke. Don haka shaidar tana hannunki, ke da kike ciki lokacin da take mutuwa.

Abin da nake so ki lura da shi: yaya take mutuwa? In ta fara fizga, ƙarfinta ya ragu, kina taka totur ba ta amsawa, sannan ta mutu, wannan yunwar mai ce. In kuwa ɗif ta ɗauke kamar an kashe makulli, to wuta ce ta yanke.

Mu ɗauki mai. Famfon man motarki cikin tanki yake zaune, kuma fetur ɗin da ya lulluɓe shi shi ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, yawancinmu na ɗan kaɗan muke sha, allura kullum tana lilo a kan ja. Ban ga laifin kowa ba, ni ma hakan nake yi. Amma famfo yana wahala, balle a zafin Afrilu. Ga kuma man galan na 'yan bumburutu. Kwanaki na ciro famfon wata mota, rariyar da ke bakinsa ta yi baƙi ƙirin, na matsa ta da yatsa sai ga laka da yashi. Ran da ta sake mutuwa, ki kashe rediyo, ki murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo, kar ki tayar. Ki kasa kunne wajen kujerar baya. Famfo mai lafiya zai yi ɗan gurnani, zzz, na kamar daƙiƙa 2. In shiru kika ji, sai mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya fara duba fiyus da rilen famfon (ɗan makunnin da ke tura masa wuta), don sun fi famfo arha nesa ba kusa ba.

Sai dai kalmar "mus" da kika rubuta ta fi karkata ni ga wata 'yar na'ura da ba ta wuce babban yatsa ba, sensar karanshaf. Ita ke gaya wa kwamfuta inda injin yake a juyinsa. In ta tsufa, zafi na kama ta sai ta yi gum, kwamfuta kuwa ta hana wuta ta hana mai nan take. Ta huce, ta ci gaba da aiki. An taɓa kirana kan hanyar Shika don irin wannan. Na fasa ledar fiya wata na tsiyaya a kan sensar kaɗai, muka ƙirga minti ɗaya, mota ta tashi. Mai motar har yana tambayata ko tofi na yi. Ke dai kar ki gwada, ruwan sanyi a kan injin mai zafi ba abin wasa ba ne. Abin da za ki yi, ki sa a jona mata na'urar bincike kafin kowa ya cire kan batir, don cire shi yakan goge abin da kwamfutar ta ajiye. In lambar P0335 ta fito, sensar ce ko wayarta. A sa mita a kan batir kuma injin na aiki: caji mai kyau yana tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

Kafin a gyara, ki riƙa bin hannun dama. In ta mutu, sitiyari zai yi nauyi amma yana juyawa. Birki zai kama da sauƙi sau ɗaya ko biyu, daga nan ya yi tauri, don haka ki taka ki riƙe, ban da famfa shi. Ki kunna fitilun haɗari, ki mayar da giya firi, ki gangara gefe. Kar ki zare makulli tana tafiya, sitiyari zai kulle. Kwangila da tireloli ba wurin tsayawa tsakiyar titi ba ne.

TAMBAYA: Oga, tawa a kan hanyar Kaduna ba ta da matsala, amma da na sassauta a cunkoson PZ, musamman in AC na kunne, sai ta yi karkarwa ta mutu.
Direba, Gyallesu

AMSA: Taka mai sauƙi ce, ɗan'uwa, silo ne ya faɗi, wato juyin da injin ke yi lokacin da ba a taka totur ba. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai sun daskare a maƙogwaron totur, iska ba ta wucewa in ka ɗaga ƙafa. A kwance a wanke shi, a canza filtar iska, a duba ko wani tiyon iska ya tsage. Bayan wankin wasu motocin sukan yi silo sama-sama na ɗan lokaci kafin su daidaita, kar hankalinka ya tashi.