Antibairos Ta Ƙi Tashi Bayan An Ɗauke Wuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Zariya. Kwanaki aka ɗauke wuta kwamfuta tana kunne, da na sake kunnawa sai antibairos ta ƙi buɗewa, wai ba ta iya karanta fayil ɗin saitinta ba. Na cire ta na sake sakawa, duk kanwar ja ce. Windows 10 nake amfani da ita. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Antibairos kusan kullum cikin rubutu take, tana adana saiti da sabbin bayanan cututtuka. Idan wuta ta yanke tana tsaka da rubutun, sai fayil ya tsaya rabi, wani lokaci ma ka ga girmansa 0 KB. Cirewar da ka yi kuwa ba ta yi aiki ba ne saboda cirewa ta yau da kullum takan bar foldar manhajar a C:\ProgramData, wadda ɓoyayya ce, da wasu saituna a Registry, wato rumbun da Windows take ajiye saituna. Sabuwar ta zo ta gaji lalataccen fayil ɗin.

Kafin ka goge komai, duba lafiyar faifan. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, rubuta chkdsk C: /f, ka amsa da Y, ka sake kunna kwamfutar. Idan ta dawo, rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wannan yana son intanet, sannan sfc /scannow. Mutane kan tsallake nan don gaggawa, sai bayan mako matsalar ta dawo, domin idan faifai ne ya fara gajiya, ko sau goma ka gyara fayil zai sake lalacewa. In kana son shaida, danna maɓallin Windows da R, rubuta eventvwr.msc, wanda zai buɗe kundin abubuwan da suka faru a kwamfutar, shiga Windows Logs, sannan System. Lamba 41 tana nuna kwamfuta ta mutu ba shiri, lamba 7000 kuma wani sabis ne ya kasa tashi, kuma sunansa yana jiki.

Yanzu fayil ɗin. Antibairos tana kare foldarta, ba za ta bari ka taɓa ba, sai a Safe Mode, wato yanayin da Windows take tashi da muhimman abubuwa kawai. Riƙe Shift ka danna Restart, bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan danna 4. Idan BitLocker, wato makullin faifai na Windows, yana kunne, tanadi lambobi 48 na buɗe shi tukuna, kada ka kulle kanka a waje. Shiga C:\ProgramData, nemo foldar kamfanin, ka canza mata suna, misali ka ƙara .tsohuwa a ƙarshe. Kada ka goge, saboda lasisi da fayilolin da aka killace suna iya zama a ciki. Wasu manhajojin kan ƙirƙiri sabon saiti da kansu da zarar an sake kunnawa.

Idan ta ƙi, sauko da kayan cirewa na kamfanin daga shafinsa na asali: kavremover na Kaspersky, avastclear na Avast, MCPR na McAfee. Su ne ke share ragowar da cirewa ta farko ta bari. Rubuta lambar lasisinka a takarda kafin nan. Microsoft Defender, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, yakan karɓi gadi da kansa a tsakanin.

Kada ka raina fayil ɗin saiti. A 19 ga Yuli, 2024, fayil ɗaya mai kuskure da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi. Gyaran ma ta Safe Mode aka bi, aka goge fayil mai lamba C-00000291.

Sai dai ba kullum wuta ce mai laifi ba. A shago irin naka da kowa ke zuwa da filasha, bairos ma yakan lalata saitin da gangan. Sauko da Microsoft Safety Scanner ka yi cikakken bincike. Kwana 10 yake yi ya daina aiki, don haka sabo za ka ɗauko. Sannan ka sayi UPS, ko ƙaramin nan mai 650VA, zai ba ka 'yan mintunan kashe kwamfuta yadda ya kamata. Windows 10 kuma Microsoft ta janye mata tallafi tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka duba ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11.