Makullin sirri a cikin React: kutse aka yi min?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wa wata Hajiya mai sayar da atamfa shafin intanet da React (kayan aikin gina shafuka), na sa biyan kuɗi ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. Makullin sirrin da Paystack ya ba mu, wato lambar da ke buɗe asusun Hajiya, na ajiye shi a fayil ɗin .env da ake ajiye saitunan shafi, kuma na toshe danna-dama a shafin, wanda ya koya min ya ce haka ya wadatar. Jiya wani abokina ya turo min makullin gaba ɗaya ta WhatsApp, wai a shafin ya gani. Wallahi ban runtsa ba. Kutse aka yi min ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ƙanena ba wanda ya yi maka kutse, kai ka miƙa da hannunka. Yanzu-yanzu shiga dashbod ɗin Paystack ka samar da sabon makulli, tsohon ya mutu, sannan ka faɗa wa Hajiya gaskiya, tunda mai riƙe da wannan makullin zai iya ganin bayanan kwastomominta, har ya mayar da kuɗin ciniki.

Wannan batun kullum sai na gamu da shi kuma yana ɓata min rai. Duk abin da ya isa burauza, wato manhajar buɗe shafi irin Chrome, ya zama na jama'a, HTML ne ko CSS ko JavaScript, ai sai wayar mutum ta sauke su kafin ta nuna shafin. Fayil ɗin .env da ake ruɗin ku da shi, duk abin da ka sa wa VITE_ ko REACT_APP_ a gaba, lokacin da ka yi npm run build ana ɗinke shi ne a cikin kod ɗin da kowa zai sauke. Toshe danna-dama kuwa kamar ka rataye makullin shago a ƙofa ne ka lulluɓe da tsumma, mutum ya danna F12, kod ɗin shafin ya bayyana, ya nemo sk_live da makullin sirri ke farawa da shi, shi ke nan. Cukurkuɗa kod ma ba ɓoyewa ba ne. Amma sai ka ga mai koyarwa ya karɓi kuɗin yara, sati biyu ya ba su satifiket, bai taɓa buɗe musu shafin Network da ke cikin F12 sun ga abin da ke fita ba. Haba! Dukiyar mutane fa ake wasa da ita.

Paystack makulli biyu ya ba ka saboda dalili. Mai pk_ shi ne na burauza, mai sk_ a saba kaɗai yake zama, wato kwamfutar bayan fage da mai ziyara ba ya ganin kod ɗinta, ko ƙaramar saba ta Node ko PHP ta ishe ka.

Kuma ina kyautata zaton farashin ma daga burauza kake turawa. To mutum zai iya mayar da atamfar ₦45,000 ta koma ₦100, ya biya, shafin ya ce an biya. Dole sabarka ta ɗauki lambar cinikin ta tambayi Paystack da kanta, ta duba an biya ɗin, ta kwatanta adadin da farashin da ke rumbun bayananka, ka tuna a kobo suke lissafi, sannan a saki kaya.

In ka taɓa tura .env ɗin GitHub, inda ake ajiye kod a intanet, goge shi bai isa ba, yana nan a tarihin kod ɗin, don haka duk wani makulli da ke ciki shi ma sauya shi yau.