Ga ƙanwarmu ta Aboabo mai shirin tafiya Guanzu karon farko

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki cewa biza ta fito, za ki Guanzu ta ƙasar Chaina sarin kaya ta hanyar Adis Ababa, ba ki taɓa fita Gana ba, kuma tsoronki bai wuce yadda za ki yi a filin jirgin da ba ki sani ba. Allah ya sanya albarka. Ni ma daga Kumasin nan nake tashi, kuma wannan hanyar na bi ta sau da yawa, don haka ki ɗan yi haƙuri da tsawon maganar.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, wayar nan da kika dogara da ita za ta iya zame miki dutse da zarar kin sauka. A Chaina WhatsApp ba ya aiki a intanet ɗinsu, haka Facebook, haka Google da taswirarsa. Tafiyata ta farko adireshin masaukina yana cikin WhatsApp, lambar mai tarbata ma tana can. Na fito da akwatuna biyu, na tsaya a tsakiyar mutane ina danna waya, babu abin da ke buɗewa, hannuna har rawa yake. Wata baiwar Allah 'yar Mali ce ta ga halin da nake ciki, ta nemo min sunan unguwar, ta sa ni a tasi. Har yau ina yi mata addu'a. Tun daga ranar ba na tafiya sai da takarda: sunan otal da adireshinsa da rubutun Sinanci, don direban tasi ba lalle ya iya karanta boko irin namu ba, sai lambar mai tarba, sai takardar gayyatar da aka yi min biza da ita, sai tikitin dawowa. Ki buga kowanne kwafi biyu, ɗaya a jakar hannu, ɗaya a jikinki. WeChat kuwa, manhajar da suke hira da ita a can, ki sauke shi ki buɗe tun kina Aboabo, ki yi magana da mai tarbarki a kansa ki tabbatar yana tafiya. Alipay na biyan kuɗi ma haka, domin a can ko ruwan sha da waya ake biya, ko da yake kuɗin hannu ma suna aiki.

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6 a kansa. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ki maƙala shi cikin fasfo kada su rabu.

Kada ki taso daga Kumasi ranar tafiya. Motar Akra awa 5 ce zuwa 6 idan hanya ta yi kyau, kuma mun san ba kullum take kyau ba. Ki kwana a Nima ko Mamobi wurin 'yan uwa, ki isa Tamina 3 ta filin jirgin Akra da saura awa 3 jirgi ya tashi. A wurin awon kaya ki buɗe baki ki tambaya ko akwatinki zai wuce kai tsaye har Guanzu, ki karɓi katin shiga jirgi guda biyu, na Akra da na Adis. 'Yar takardar da suke liƙa wa a bayan katin ita ce shaidar akwatinki, ki adana ta kamar kuɗi.

Shito, soyayyen yajin nan namu mai mai, ya shiga babban akwati, a naɗe shi da leda sosai. Duk abu mai ruwa-ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu, za su karɓe a gabanki. Kilishi da duk wani nama da ɗanyen kayan itace ki bar su a gida, kwastan na Chaina ba sa barin su shiga. Garin rogo da busasshen yaji dai nakan tafi da su. Fawa bank kuma akasin haka ne, jakar hannu yake shiga, ba babban akwati ba. Kuɗi idan sun haura dala 10,000 sai kin bayyana a nan Gana, a can kuma daga abin da ya haura dala 5,000 za ki bi jan layin kwastan ki cike takarda. Ba laifi ba ne ɗaukar kuɗin, ɓoyewar ce laifi.

Sai Adis, kuma a nan sababbin matafiya suka fi shan wahala. Tafiyar kusan awa 6 ce, Habasha kuma tana gaba da mu da awa 3. Kina sauka ki gyara agogo kafin ki nemi ko banɗaki. Ki bi alamar masu canjin jirgi, kada ki bi masu fita gari. Ki nemi babban allo, ki duba lambar jirginki ba sunan gari kawai ba, ki je ki ga ƙofar da idonki, sannan ki nemi wurin zama. Ƙofa takan canja, kuma sanarwar lasifika ba kowa ke jin ta ba, don haka ki riƙa komawa allon. Garin yana kan tudu, ya fi mita 2,300, dare yana da sanyin da ba mu saba da shi ba, ki sa rigar sanyi da safa a jakar hannu. Akwai wurin salla. Amma ki sani alƙibla ba gabas ba ce a nan, arewa ake fuskanta. A Guanzu kuma yamma ce. Ranar da na fara kallon faɗuwar rana na kabbara, sai da ƙwalla ta zo min, don a lokacin na san na yi nisa da gida.

Daga Adis zuwa filin Baiyun na Guanzu ya fi awa 10, kuma Chaina tana gaba da Gana da awa 8. Ki gaya wa mutanen gida tun yanzu, kada su tayar da hankali in sun ji shiru. Za ki cike katin shiga ƙasa, ki riƙe biro naki. Za a ɗauki hoton yatsunki, sai jami'i ya tambaye ki abin da ya kawo ki, inda za ki sauka, da ranar komawa. Amsa gajeriya, wadda ta dace da bizarki, ki miƙa takarda. Kada ki karɓi jakar kowa ki wuce masa da ita, ko da Hausa ya yi miki, ko da tsohuwa ce. Wannan ba rashin tausayi ba ne.

A waje, duk wanda ya tare ki yana cewa tasi, ki wuce shi, ki bi layin tasin hukuma mai mita. Jirgin ƙasa Layi na 3 yana shiga gari da araha, amma ga baƙuwa mai akwatuna biyu ba na ba da shawararsa ranar farko. Idan unguwar Xiaobei ko Sanyuanli kika nufa za ki tarar da 'yan Afirka da abincin halal. Otal zai yi miki rajistar zama da kansa. In gidan wani za ki sauka, dole a je ofishin 'yan sanda cikin awa 24.

Dawowa ma tana da nata tarkon. Duk jiragen da na hau daga can bayan sha biyun dare suke tashi. Idan tikiti ya ce Laraba ƙarfe 12:30 na dare, to ranar Talata da dare za ki kasance a fili. Na ga wata mata zaune a kan akwatinta tana kuka, ta zo ranar Laraba da dare, jirginta ya tashi tun daren jiya, ga biza tana ƙarewa. Wuce wa'adin biza tarar yuan 500 ce kowace rana, banda tabon da zai bari a fasfo. Baiyun yana da tamina fiye da ɗaya, ki tabbatar da taki kafin ki hau mota. Manyan kaya ki ba kamfanin jigila su taho ta tashar jirgin ruwa ta Tema, ki karɓi rasit. Na hannu kuma ki auna su tun a otal, nawa tikitin akwati biyu ne masu kilo 23, ki duba naki, don kuɗin ƙarin nauyi yana cinye ribar mutum.

Idan kina da lokaci ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ki leƙo shagona a kasuwar Kejetiya, in nuna miki tsohon katin shiga jirgi da yadda nake jera takarduna, mu duba tikitinki tare.