Amsar tambayarka a kan kura

Ɗana,

Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin aikin sa kai da ka shiga na tantance hotunan namun daji a intanet. Ka ce kana yawan cin karo da kuraye a hotunan dajin Serengeti na Tanzaniya, ka kuma karanta cewa kura da kanta take farauta. Shi ne kake tambaya: me ya sa tatsuniya ta mai da ita matsoraciya mai bin mushe, kuma me ya sa tsofaffi ba sa kiran sunanta da dare? Ko duk abin da muka gaya maku ba shi da tushe?

Bari in fara da sunan. A wurinmu ba a sakaya sunan abin da aka raina. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, wannan kunya ce. Maciji kuwa da dare igiyar ƙasa ake ce masa, kura a ce mata Amina, wannan tsoro ne. Ai ka san an ce tsoro na daji, kunya na gida. Mutumin da ke kwana awakinsa na turke, danga kaɗai ce tsakaninsu da dawa, ya fi kowa sanin kura ba abar wasa ba ce. Gardin da ke yawo da ita kasuwa ma sai ya sa mata takunkumi.

Kurar tatsuniya daban take. Mutum ne mai haɗama aka lulluɓe da fatar kura, don a ja kunnen yaro ba tare da an ambaci sunan wani babba ba. Ba wanda ya taɓa koyon daji a gindin kaka mai tatsuniya. Wurin maharba ake koyonsa.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, maharbi ne. Ina yaro muka taɓa fita da asuba, sai ya tsuguna kan wani sawu a cikin yashi, ya kama yatsana ya ɗora a kan 'yan ramukan da ke gaban sawun. Ya ce in ka ga farce, kura ce, damisa tana ɓoye nata in tana tafiya. Ya nuna mini yadda sawun gaba ya fi na baya girma. Can gaba muka iske kashinta ya bushe fari fat kamar alli, ya ce ƙashi take tauna ta haɗiye. Ya kuma ce kada in haɗa kura mai dabbare-dabbare da sayaki mai zane-zane a jiki. Sayaki ne ya fi bin mushe, shi kaɗai yake yawonsa, ga gudun mutane. Mai dabbare-dabbaren garke suke yi, macen ta fi namijin girma, ita ce kuma gaba.

Masu bincike a Serengeti da Ngorongoro, duk a Tanzaniya, tun shekarun 1960 suka tabbatar cewa yawancin abin da mai dabbare-dabbaren take ci ita ta kashe shi, har sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Da na ji haka ban yi mamaki ba.

Aikin naku ya burge ni ta wani gefe. Kyamarori 225 aka ɗaura a dajin, tun 2012 mutane ke duba hotunan, sama da 28,000 suka sa hannu a shekarun farko, kuma kowane hoto sai mutane da dama sun gan shi kafin a tsai da magana. Haka maharba ke yi in sun kewaye sawu: kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ba abin da ransa ke so ba. Wanda ya cika ƙarin gishiri, gobe ba za a tambaye shi ba. To kai ma ka riƙe wannan. Hoton dare da bai nuna komai ba sai ƙyallin ido biyu, dubi tsayin kafaɗa da yadda baya ya gangara, kada ka yi gaggawa.

Kurayen iri biyun duk suna Serengeti. In ka ci karo da sayaki, turo mini hotonsa, rabona da ganinsa tun kakanka na da rai. Ka gai da mahaifiyarka.

Baffanka