Me ya hana a riƙa rubuta tazarar sauti a jikin faifan waƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohon faifan sidi na wani kundin waƙoƙi da nake matuƙar so. Kwanakin baya na sayi sabon bugunsa da aka ce an gyara masa sauti. Da na kunna sai na ji ya fi tsohon ƙara, amma kafin waƙa ta uku kunnena ya gaji, ganga ma kamar an danne ta da matashin kai. Wani abokina ya ce matsalar tazarar sauti ce, har ma akwai lambar da ake auna ta da ita. To idan haka ne, me ya sa ba a buga lambar a jikin faifai don mai saye ya sani tun kafin ya biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka bai yaudare ka ba, abokinka ma ya yi gaskiya.

Tazarar sauti ita ce ratar da ke tsakanin inda kiɗa ya yi ƙasa da inda ya kai ƙololuwa, kuma da desibel ake auna ta. Sidi, wanda ya shigo kasuwa a 1982, yana iya ɗaukar rata ta kusan desibel 96, fiye da abin da faifan garmaho ke iya ɗauka nesa ba kusa ba. Sai dai sautin dijital yana da rufi, wato sifili a ma'auninsa na desibel, kuma ba abin da ke ƙetare shi. Saboda haka idan aka matsa wa injiniyan da ke tacewar ƙarshe a kan lallai waƙa ta fi ta kowa ƙara, dabara ɗaya ce ta rage masa: ya sa limita, wato na'urar da ke iyakance ƙarfin sauti, ta aske duk wani tsinin da ya yi sama, sannan ya ɗaga sauran sautin har ya dangana da rufin. Tsinin nan da aka aske kuwa shi ne bugun ganga, shi ne lokacin da mawaƙi ya buɗe murya bayan ya yi ƙasa da ita. Ka buɗe faifan naka biyu a manhajar gyaran sauti a kwamfuta ka gani da idonka. Zanen tsohon zai fito da tudu da kwari kamar haƙoran zarto, na sabon kuma a shafe kamar bulo. Wannan bulon ne ya gajiyar da kai, domin ba inda kunne zai sarara.

Me ya kawo haka? Idan aka kunna maka abu ɗaya sau biyu, na biyun ya ɗara da ƙara kaɗan, a daƙiƙun farko za ka rantse shi ya fi daɗi. A kan wannan rauni na kunnen ɗan Adam kamfanonin waƙa suka shiga gasar ƙara tun daga shekarun 1990. Abin ya fito fili a 2008 da kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica, inda masoyanta suka gano cewa sautin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero ya fi na sidin da suka saya walawa, har dubbansu suka sa hannu a takardar koke.

Shawarar taka kuwa an riga ka. A 2007 an kafa ƙungiyar Turn Me Up! a Amurka don sanya tambari a kan kundin da ba a matse ba. A 2009 gidauniyar Pleasurize Music, ƙarƙashin injiniyan Jamus Friedemann Tischmeyer, ta fito da ma'aunin DR, wato lambar tazarar sauti, da burin a riƙa buga lambar a bangon faifai. Ma'aunin yana yanka waƙa gunduwa-gunduwa na daƙiƙa 3, ya ɗauki kashi 20 cikin 100 mafi ƙara, ya duba nisan matsakaicin ƙarfinsu da ƙololuwa. DR14 waƙa ce mai walwala, DR5 kuwa an matse ta iya matsewa. Manyan kamfanoni ba su karɓa ba, kuma ba sai an yi dogon bincike ba: ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wanda ya san DR5 zai buga a bangon kayansa ba zai yi marmarin zuwan ranar ba. Ba kuma dokar da ta tilasta musu.

Amma zan gaya maka wani abu da masu kishin lambar ba su cika son ji ba: ba makin jarrabawa ba ce. Waƙar rawa ta zamani da aka gina kan ƙugin sauti mai kauri tana iya zama DR7 kuma ta yi kyau, alhali kiɗan gungun makaɗa da ke tashi daga raɗa zuwa tsawa yana bukatar ninkin haka. Sannan lambar kan yi ƙarya. Ka auna faifan garmaho da aka yanka daga tacewa ɗaya da sidi, sau da yawa garmahon zai nuna lamba mafi girma, ba don an rage matsi ba, sai don yadda yanka faifan da bin allura ke sauya siffar tsinin sautin. Mai sauraro a cikin mota ko wajen aiki mai hayaniya shi ma yana da hujjar son sautin da aka matse, domin wuraren da kiɗa ya yi sanyi ɓace masa suke yi. Ga kuma wani tarihi: a shekarun 1980 an riƙa buga AAD, ADD da DDD a jikin sidi don nuna ko da na'urar dijital aka yi aikin, mutane suka ɗauka DDD shaidar inganci ce, alhali ba haka ba ne.

Duk da haka ni ina tare da kai. Amfanin lambar ba a gwada mawaƙi da mawaƙi yake ba, a gwada bugu biyu na kundi ɗaya yake, irin halin da ka shiga. Da an rubuta DR12 a tsohon, DR6 a sabon, da ka san abin da kalmar "gyara" ke nufi kafin ka zura hannu aljihu. Wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin sanin wace tacewa ya saya.

Abin da ya ɗan kwantar da ƙurar ya zo ne ta wata hanyar. Ƙa'idar R128 da Ƙungiyar Kafofin Yaɗa Labarai ta Turai ta fitar a 2010 ta sa a daidaita shirye-shirye a kan -23 LUFS, wato ma'aunin ƙarar da kunne ke ji, dandalin sauraro na intanet ma suka bi sahu da nasu ma'aunin: Spotify yana daidaitawa a kan -14. Ma'ana, waƙar da aka matse don ta fi ƙara rage mata murya ake yi ta zo daidai da sauran. Sai dai wannan bai dawo da tsinin da aka riga aka aske ba.

Kafin ka yanke hukunci a kan faifanka biyu, ka rage muryar sabon har ƙarfinsu ya zo daidai a kunnenka, sannan ka saurari wuri ɗaya a kowanne, musamman inda ganga ta shigo bayan shiru. Akwai kuma rumbun bayanai a intanet inda masu sauraro ke saka lambar DR ta bugu daban-daban, ka riƙa leƙawa kafin saye. Tsohon faifan nan naka kuma kada ka rabu da shi.