Amsa ga ƙanwarmu da mahaifiyarta ta daina amsa gaisuwarta

Ƙanwata, tun daren jiya na karanta tambayarki, sai yanzu na samu natsuwar amsawa. Kin ce wata takwas ke nan rabonki da coci, Mama ta gano ta daina amsa gaisuwarki, rabbin, wato malamin Yahudawa, da kika rubuta wa a kan giyur, wato shiga addinin Yahudanci, kuma ya ce ki je ki ƙara tunani, shi ne kike tambaya ko ki tattara kayanki ki bar gida. Ina karantawa ina hawaye, domin rigar da kike ciki na sa ta.

A Jos aka haife ni. Mamana jigo ce a zumuntar mata, ni kuma shekara goma sha ɗaya ina cikin mawaƙa. Da tambayoyi suka fara hana ni barci, musamman Maimaitawar Shari'a 6:4, ayar da ta ce Ubangiji ɗaya ne, da zancen Triniti, ban gaya wa kowa ba sai wani dattijon ikilisiya, aminin Babana, wanda ya ɗauke ni a kafaɗa ina ƙarama. Har gidansa na je, na durƙusa, na ce Baba ga abin da ke damuna, don Allah ya tsaya tsakaninmu. Ya dafa kaina ya ce in kwantar da hankalina. Ranar Lahadi, ana gama baiko, ya hau ya karanta sunana cikakke a cikin sanarwa, da sunan mahaifina, ya ce na shiga ƙungiyar asiri, an sa ni a horo. Mama tana layin gaba cikin ankon zumunta, tulun da take bugawa yana kan cinyarta. Na ga ta sauke shi ƙasa a hankali, ta ja bakin zani ta rufe fuska. Ba ta juyo ba. Coci ya yi tsit, ana jin ƙarar fanka. Daga kujerata zuwa ƙofa bai fi taku ashirin ba, amma har yau ina mafarkin wannan tafiyar. Kuma bai tsaya nan ba. Da Baba ya rasu bayan shekara uku, shi ne dai ya matso ya raɗa mini cewa kada in tsaya cikin iyali a bakin kabari. A bayan motoci na tsaya aka binne ubana. An ce in yafe, ina ƙoƙari, amma wanda ka kai wa kukanka ya kai shi kasuwa, ciwonsa daban ne.

Don haka ki iya bakinki. Kada ki yi gardamar Ishaya 53, surar da Kirista ke cewa a kan Yesu take magana, da kowa a gida, ni na yi, ban samu komai ba sai ƙarin rauni.

Zancen rabbi kuwa, kada ya karya miki zuciya. Ba ƙinki ya yi ba. Al'ada ce a mayar da mai nema har sau uku, kamar yadda Na'omi ta yi ta ce wa Rut ta koma gidan uwarta. A Talmud ma, littafin koyarwar malaman Yahudawa, cikin sashen Yebamot, an ce a tambayi mai zuwa me ya gani, bai san irin tsanantawar da wannan al'umma take sha ba? Ni sai da na karanta tarihin Yahudawa na fahimci ɗari-ɗarin da suke yi da duk wanda ya fito daga coci. A Sifen a 1492 zaɓi biyu aka ba su, baftisma ko barin ƙasa. A Fotugal a 1497 da ƙarfi aka yi musu. A Bolonya a 1858 an ƙwace yaro ɗan shekara shida, Edgardo Mortara, daga hannun iyayensa don 'yar aiki ta ce ta yi masa baftisma a ɓoye, ba a kuma mayar musu da shi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba sa wa'azin jawo mutane, ba sa kuma cewa wanda ba Bayahude ba ya halaka. In kin riƙe dokokin Nuhu guda bakwai kina da rabo a duniya mai zuwa, haka suke koyarwa. Akwai 'yan'uwa a wannan zauren da suka tsaya nan, ban ga sun rage da komai ba. Dokoki 613 da ke kan Bayahude kaya ne mai nauyi, kuma in kin ɗauka ba a saukewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu busa ƙaho da yafa mayafin addu'a, suna kiran Yeshuwa, wato Yesu, suna ce wa yaranmu wannan Yahudanci ne. Shekara ɗaya da rabi na ɓata a irin wannan wuri, har kuɗin takardar shaida na biya. Ban raina bangaskiyar kowa ba, uwata Kirista ce, amma a kira abu da sunansa. Babu reshen Yahudanci ko ɗaya da ya karɓi wannan. Kotun ƙolin Isra'ila ta yanke a 1989 cewa masu wannan aƙida mabiya wani addini ne a ƙarƙashin Dokar Komawa, wadda ta ba Yahudawa damar komawa Isra'ila su zama 'yan ƙasa. Kai, ko Oswald Rufeisen, wanda uwa da uba Yahudawa suka haifa a Folan, wanda ya taimaki Yahudawa suka tsere wa 'yan Nazi, da ya zama fada na Katolika kotu ta hana shi shiga ta wannan doka a 1962.

Ki kuma tambayi kowane bet din, wato kotun malaman Yahudawa, na wane reshe ne tun kafin ki fara, domin 'yan Otodoks, masu riƙo da tsohuwar hanya, ba sa karɓar giyur na sauran. In wani ya yi miki alkawarin bizar Isra'ila, ki gudu. Abayudaya, wata al'umma a Uganda, tun 1919 suke bin Yahudanci, amma a 2018 ma'aikatar cikin gida ta Isra'ila ta ce ba ta amince da su ba. Ni shekara shida na yi ina koyo kafin in tsaya gaban malamai uku in shiga mikve, ruwan wankan tsarki.

Na yi nisa, bari in dawo kan Mama. Ranar da na gaya mata sabon sunana, da cewa yanzu ana kirana 'yar Ibrahim da Saratu, ta dube ni ta ce, "To ni wace ce? Ba ni na yi naƙudarki ba?" Wannan kuskurena ne, da ɗoki na faɗa, ban auna ba. Da na kai wa malamina zancen, faɗa ya yi mini sosai, ya ce shari'ar Yahudawa ta hana wanda ya shigo ya wulaƙanta iyayensa, in koma in ba ta haƙuri. Uwarki ba ƙinki take yi ba, tsoro take ji, a zuciyarta wuta take hango miki, ga kuma bakin matan unguwa. In ba dukanki ake yi ba, ba a kuma hana ki abinci ba, ni dai ban ba ki shawarar barin gida yanzu ba. In ana taɓa lafiyarki, wannan wata magana ce, ki fita yau.

Tawa sai da ta yi shekara biyu ba ta kira sunana ba. Ina zuwa Kirsimeti in taya ta suyan cincin, ba na shiga sujada, ba na cin naman, ba ta cewa komai. Yanzu duk Jumma'a wajen ƙarfe biyar take bugo mini, ta san rana na faɗuwa zan kashe waya, ta ce, "Kin gama girkin Asabar ɗin naki?"

Gobe da safe ki durƙusa ki gaishe ta ko ba ta amsa ba, ki ɗebo mata ruwan wanka. Ki kuma turo mini saƙo ta akwati, ki gaya mini garin da kike da ko kina da abin yi a hannunki.