Tambaya da Amsa: Ina asarar kamfanin gem in ya bi 'yan jefi-jefi ya bar 'yan gani-kashe-ni?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya, wanda ya ce yana da shagon buga gem, ya rubuto cewa: "Malam, masu taɓa gem jefi-jefi sun fi mayun gem yawa nesa ba kusa ba. To me zai hana kamfanin da ke ƙera na'urar gem ya bi inda jama'a suka fi yawa? Ina haɗarin yake?"

Amsa: Malam, lissafinka daidai ne a shekarun farko. Daga baya ne ake jin jiki, kuma labarin kamfanin Nintendo na Japan ya ishe mu misali.

A Nuwamban 2006 Nintendo ya fito da na'urar gem mai suna Wii. Bai yi gasar ƙarfin inji da PlayStation 3 ta Sony ko Xbox 360 ta Microsoft ba, ko hoto mai kaifi na HD ba ta fitarwa. Abin da ya sayar shi ne sauƙi: ka riƙe rimot ka wurga hannu, ga ka kana buga tanis. Kakanni da iyaye mata da mutanen da ba su taɓa riƙe abin buga gem ba duk suka shigo. An sayar da Wii fiye da miliyan 101. A lokacin, wanda ya ce shugaban kamfanin, Satoru Iwata, ya yi kuskure, dariya za a yi masa.

Sai dai cinikin na'ura ba shi ne ƙarshen ciniki ba. Abin da ke riƙe kamfani shi ne gem ɗin da za a riƙa saye shekara da shekaru, har da kason da yake karɓa daga kowane gem na wasu kamfanoni da aka sayar a kan na'urarsa. Ɗan jefi-jefi kuwa yakan tsaya a kan Wii Sports da ya zo a cikin kwali, ya ƙara ɗaya ko biyu, shi ke nan. Kamar mai shayi ne da ya kori masu zama teburinsa kullum saboda cincirindon ranar kasuwa.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ya fi muni: ɗan jefi-jefi ba ruwansa da sunan kamfani, nishaɗi mai arha yake nema. Da iPhone ta fito a 2007, aka buɗe App Store, kasuwar manhajojinta, a 2008, sai ga gem ɗin waya irin su Angry Birds a 2009 da Candy Crush Saga a 2012. Wanda wayarsa ke ba shi gem kyauta ko a kan 'yan canji, me zai kai shi kashe ɗaruruwan daloli?

Kafin nan kuma an riga an ɓata da ɗaya ɓangaren. Raunin injin Wii ya sa manyan gem irin su Grand Theft Auto IV na 2008 ba su sauka a kanta ba, waɗanda suka sauka kuma sau da yawa an rage musu armashi. Mayun gem suka koma wajen Sony da Microsoft, abokan wasansu na intanet ma suna can, kuma dawo da irin waɗannan ba abu ne mai sauƙi ba. Da Wii U, magajiyar Wii, ta fito a Nuwamban 2012, sai aka yi biyu babu. Mutane da yawa ma sun ɗauka wani ƙarin kaya ne na tsohuwar Wii. Miliyan 13 da rabi kacal ta sayar. Kamfanin EA, wanda ke yin gem ɗin ƙwallo na FIFA a lokacin, ya janye jiki, FIFA 13 ce ta farko kuma ta ƙarshe a kanta. Kai da kake da shago ka fi ni sanin makomar na'urar da ba ta da sabon gem ɗin ƙwallo. Nintendo ya yi shekara uku a jere harkarsa tana faɗuwa, har Iwata ya zaftare rabin albashinsa a 2014.

Microsoft ma ya taɓa wannan wuta. A 2013 ya tallata na'urarsa Xbox One da zancen kallon talabijin, ya kuma tilasta wa masu saye ɗaukarta haɗe da kyamarar Kinect a kan dala 499, alhali PlayStation 4 ta Sony tana dala 399. A 2014 dole ya cire Kinect daga kwalin ya rage farashi, amma Sony ya riga ya yi nisa.

Kada ka ɗauka ina cewa a kori 'yan jefi-jefi. Abin lura shi ne wa za a fara gamsarwa. Mayen gem shi ne mai saye a ranar farko da cikakken farashi, shi ne kuma wanda 'yan'uwa ke tambaya kafin su saya. Da Nintendo ya fito da na'urar Switch a Maris ɗin 2017, da Zelda: Breath of the Wild ya buɗe kasuwa, gem mai cin awanni da dama wanda aka yi domin gwanaye. Masu neman sauƙi suka biyo baya ta hanyar Mario Kart 8 Deluxe da Animal Crossing na 2020, kuma Switch ta wuce miliyan 140, ta bar Wii a baya.